Inshorar da na saya don tafiyar jirgin ruwa a Bahar Rum: abin da ta biya da abin da ta ƙi biya

Ranar da ɗanmu da ke aiki a Ingila ya kira ya ce ya biya mana ɗaki a jirgin ruwa na shaƙatawa, ni da mahaifinsa, kwana bakwai a Bahar Rum, inshora ba ta ko faɗo mini a rai ba. Ruwan nake tunani. Bakanuwa ce ni, ban da dam ɗin Tiga da tekun Jidda da na hango ta tagar mota, ba abin da ya taɓa haɗa ni da babban ruwa. Jirgin zai tashi daga Barsalona, ya yada zango a Marseille, da Genoa, da Civitavecchia wadda ita ce tashar da ake sauka a shiga Roma, sai Palermo, sai Valletta ta ƙasar Malta, a yi wuni guda cur a tsakiyar teku, a dawo inda aka fito.

Wurin neman biza ne maganar inshora ta taso. Duk waɗannan garuruwa suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma dokarsu a fili take: ba a karɓar takardun mai neman biza sai da inshorar lafiya da ba ta gaza yuro 30,000 ba, wadda ke aiki a dukan ƙasashen yankin tsawon kwanakin tafiya, ta kuma ƙunshi kuɗin mayar da mutum gida, ko yana jinya ko ya riga mu gidan gaskiya. Maigidana, Alhaji, ya fara da tambayar halaccin abin, kamar yadda na san zai yi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi matsaya tun 1985 cewa inshorar kasuwanci akwai garari, wato rashin tabbas, a cikinta, ta taimakekeniya kuwa babu laifi, kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin irin wannan ta taimakekeniyar, wadda ake kira takaful, a Najeriya tun 2013. Saboda haka ta bizar, takaful muka yi. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, cikin minti ashirin takarda ta shigo ta imel, muka haɗa da sauran takardu, biza ta fito.

Da a nan na tsaya, da yanzu wani labarin nake ba ku. Shekara 31 na yi ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma aikin ya bar mini hali ɗaya: ba na ajiye takarda ban karanta ƙananan rubutun da ke ƙasanta ba. Na sa tabarau na bi takardar layi-layi, sai na ci karo da jerin abubuwan da ba ta ɗauka. Ciwon da mutum ke da shi kafin tafiya yana ciki. Tafiyar jirgin ruwa da ake kwana a cikinsa ita ma tana ciki, sai in an ƙara ta daban. Wato takardar da ke hannunmu ta isa ta shigar da mu Sifaniya, amma da zarar jirgi ya bar gaɓa ta zama takardar tsire. Ga shi Alhaji shekara tara ke nan yana shan maganin hawan jini.

Yaron ya ce, "Umma, ki bari kawai in saya muku a nan." Ya gwada, ya dawo hannu rabbana. Kamfanonin da ya duba duk sharaɗinsu ɗaya, sai mazaunin Ingila mai rajista da likita a can, tafiyar kuma ta fara ta ƙare a can. Da ya cika fom ɗin da adireshinsa, kuɗin za su karɓa ba musu, amma ran biya ne za a tambaye mu shaidar zama. Na faɗi wannan ne domin na san iyaye da yawa da 'ya'yansu na waje ke saya musu inshora da adireshin da ba nasu ba.

Daga baya wani dillalin inshora a Abuja ya samo mana ta wani kamfanin waje mai karɓar mazauna Najeriya, da ƙarin sashen jirgin ruwa. Irinta ta takaful ban samu ba a wuraren da na tambaya. Alhaji ya kai maganar gaban malaminsa, abin da suka tattauna nasu ne, ya dawo ya ce in saya. Da muka zo tambayoyin lafiya, yaron da ke cika fom a ofishin ya rage murya ya ce, "Hajiya, a sa babu kawai. Wane dattijo ne ba shi da hawan jini? In kika rubuta kuɗin zai tashi, kuma wa zai bincika?" Na ce, "Ɗana, rubuta. Har sunan ƙwayar da adadin da yake sha." Kuɗin ya tashi kuwa. Gaba ɗaya mun biya kusan ninki huɗu na ta biza, har Alhaji ya yi kwana biyu yana mita cewa na je na tona masa asiri an ci mu tara.

Abin da na duba kafin in sa hannu bai da yawa. Na farko iyakar kuɗin jinya da na kwashe majinyaci. Yuro 30,000 kuɗi ne masu auki in aka juya su naira, amma ba su da auki in mutum ya kwanta a ɗakin kulawa ta musamman a Italiya sannan aka ce sai jirgin sama na ɗaukar majinyata ne zai mayar da shi gida. Asibitin da ke cikin jirgin ruwa ƙarami ne, aikinsa ya tsayar da ciwo ya miƙa mutum gaba. In abu ya yi tsanani, sauke majinyaci ake yi a tasha mafi kusa, ko jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke shi, jirgin ruwa kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Masauki na mai jinya, da tikitin komawa, da kayan da aka bari, duk a wuyan mutum suke. Tamu tana ɗaukar wannan, har da kuɗin zaman mutum ɗaya kusa da majinyaci. Sai sashen killacewa a ɗaki, wanda tun abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a Yokohama a Fabrairun 2020, inda mutum sama da 700 cikin kusan 3,700 suka kamu da korona, ba wanda ke masa kallon wasa. Akwai kuma sashen makara: jirgin ruwa ba motar haya ba ce da za a ce direba ya dakata akwai mai alwala. In ka fita yawo da kanka ka wuce lokacin komawa, tafiyarsa zai yi, kai ka san yadda za ka cim masa a tasha ta gaba. Don gudun haka ma kwana biyu kafin ranar tashi muka isa Barsalona.

Daren da muka baro Genoa ne abin ya faru. Wajen ƙarfe biyu Alhaji ya tashi da amai da gudawa, kafin asuba ya shiga banɗaki ya fi sau takwas. Na kama fatar bayan hannunsa na saki, ta tsaya ba ta koma ba. Leɓɓansa sun bushe, idanu sun faɗa. Na san ruwan jikinsa ya yi ƙasa, kuma mai shan maganin hawan jini ba a sakaci da shi a wannan hali. Na kira lambar asibiti, aka turo keken majinyata, muka gangara can ƙasan jirgi inda ba taga ba kafet, sai ƙarar injin a tafin ƙafa. Likitar da ma'aikacin jinyarta sun san aikinsu, wannan shaidar 'yar sana'a ce. Aka auna shi, aka ɗebi jini, aka sa masa ƙarin ruwa leda biyu da allurar tsayar da amai. Ba wanda ya tambaye mu inshora. Katin ɗakinmu kawai aka karɓa aka goga. Asibitin jirgi na kuɗi ne, ba ruwansa da kamfaninka, lissafin kan asusun ɗaki yake hawa kamar kuɗin lemo, kai za ka biya sannan ka je ka nemi a mayar maka. Da safe takarda ta zo: yuro 610. Na zauna a bakin gado ina kallon kuɗin ledar ruwa ɗaya, ina tuna nawa na rataya irinta da hannuna a ɗakin mata ba tare da na ɗauke ta a bakin komai ba. Allah Ya sa da katin dala muka je, don da katin naira muka dogara da an ji kunya.

Likita ta ce ba zai fita daga ɗaki ba har sai ya yi lafiya ta tabbatar, abinci a kawo masa ƙofa. Haka muka ga Civitavecchia ta baranda, motocin da za su kai mutane Roma suna fita ɗaya bayan ɗaya. Palermo ma a ɗaki ta same mu. Da aka sallame shi muna murnar aƙalla za mu taka Malta, sai kyaftin ya yi sanarwa cewa iska ta yi ƙarfi, ba zai iya shiga mashigar Valletta ba. Alhaji ya ce, "To, Hajiya, mun dai ga ruwa."

A nan zan yaba wa kamfanin, a nan kuma zan yi ƙorafi. Sharaɗinsu shi ne a sanar da layin gaggawa da wuri. Lambar waya suka bayar kawai, ba WhatsApp, ba manhaja. A tsakiyar teku wayar hannu kan hau layin jirgi mai bi ta tauraron ɗan'adam, kuɗinsa kuwa ba a magana. Sai da muka matso gaɓa na samu layin Italiya na kira. Da na samu shiga, matar da ta ɗauka ta yi mini abin da ya dace: ta buɗe fayil, ta ba ni lamba, ta lissafa takardun da zan karɓa kafin in sauka, washegari kuma suka sake kira suna tambayar jikinsa. Amma kamfanin da ke sayar da inshorar teku ya kamata ya san cewa abokin cinikinsa a teku yake.

Mun dawo gida na tura komai: rahoton likita, rasit, sakamakon gwajin jini, takardar killacewa, bayanin asusun ɗaki. Bayan mako biyu amsa ta zo, ba kuɗi ba, tambaya. Rahoton likitar jirgi ya nuna jinin Alhaji ya hau a daren, kuma an rubuta sunan ƙwayar da yake sha. Suna son wasiƙa daga likitansa na gida mai nuna tun yaushe yake da ciwon da kuma ko an canza masa magani kafin tafiya. Ashe dai ana bincikawa. Na karɓo wasiƙar, suka gwada ta da abin da na sa aka rubuta a fom ɗin Abuja, suka ga ba bambanci ko na ƙwaya ɗaya. Da na bi shawarar yaron nan, da hujjar soke inshorar gaba ɗaya na miƙa musu da hannuna, duk da cewa ciwon ciki ne ya kai mu asibiti. Tun ranar Alhaji bai sake zancen tara ba.

Kuɗin asibiti sun biya, bayan sun cire yuro 75, kason da takarda ta ce mai inshora ne ke ɗauka da kansa. Na killacewa sun biya na kwana biyu maimakon uku da na nema, domin cikakkun awa 24 suke ƙirgawa, na ukun bai cika ba. Nasa kaɗai suka biya. Ni ba likita ce ta tsare ni ba, aure ne, kuma babu sashen aure a takardar. Yawon Roma da muka saya ta hannun jirgi, mai rasit, sun mayar da kuɗinsa na mu biyun. Wanda ɗanmu ya shirya mana a Palermo da wani mai mota, aka tura masa kafin alƙalami ba rasit ba komai sai saƙon waya, sun ƙi, kuma ban ga laifinsu ba.

Na Malta ne ya ba ni haushi, rabi da su rabi da kaina. Akwai ɗan abin da suke biya kan kowace tashar da aka soke saboda yanayi, amma sai da wasiƙa daga jirgin mai bayyana dalili. Matar layin gaggawa ba ta ambata ba, don lokacin da muka yi magana ba a soke Malta ba tukuna. Ni kuma na ɗauka sanarwar kyaftin da dubban mutane suka ji ta isa shaida. Da na tsaya a teburin karɓar baƙi na jirgin minti biyar, da an buga mini ita. Daga Kano kuwa imel huɗu na aika wa kamfanin jirgin kafin su amsa, wasiƙar ta iso kwana uku kafin wa'adin shigar da ƙorafi ya cika. Sun biya daga ƙarshe.

Gaba ɗaya mako bakwai aka yi daga ranar da na tura takardu zuwa ranar da kuɗi suka shigo asusun dala. Abin da ya dawo ya haura abin da muka biya na inshorar, kwalliya dai ta biya kuɗin sabulu, ko da yake ba don ciwon ciki na saye ta ba, don abin da ya fi shi ne, wanda Allah Ya kiyaye mu. In da tauraro ake bayarwa, huɗu zan ba ta cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda lambar wayar nan da kuma jiran mako bakwai. Ta biza kuwa ba ni da abin cewa a kanta, ta yi aikin da aka saye ta dominsa a ofishin jakadanci, ko sau ɗaya ban fito da ita daga jaka ba.

Ɗanmu ya fara zancen wata tafiyar, wai wannan karon daga Dubai zuwa Abu Dhabi da Doha, inda dokar Schengen ba ta aiki. Na riga na kira dillalin na Abuja na ce ya samo mini mai layin WhatsApp, ya kuma ƙara a fom cewa tun bayan dawowarmu likita ya ƙara wa Alhaji ƙwaya ta biyu. Alhaji dai ya ce sai an nuna masa a rubuce cewa jirgin zai tsaya inda aka ce zai tsaya.