Wata bakwai da Linux Mint a tsohuwar kwamfutata

Kwamfutar da zan yi magana a kanta laftof ce 'yar gwanjo, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema bayan Turawa sun gama cin moriyarsu. A Tiptoe Lane na saye ta, nan Circle a Accra, shekara bakwai ke nan ko kusa da haka. RAM ɗinta giga 4 ne, batirinta ba ya riƙe wuta fiye da minti goma, harafin E kuma ya goge tas saboda yawan dannawa. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawar Islamiyyar da nake koyarwa a Nima, a cikinta nake ajiye lissafin adashin ƙungiyarmu, wanda a nan muka fi sani da susu. In dare ya yi yara su karɓe ta, wai aikin makaranta, rabi kuma kallo.

Zuwa bara ta yi nauyin da idan na kunna ta bayan asuba, sai in shanye kokona in cinye ƙosai kafin ta gama shiryawa. Ana cikin haka ta fara nuna sanarwar cewa Microsoft za ta daina kula da Windows 10 daga 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗansa: yana neman wani guntun na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta ta 'yan shekarun baya-bayan nan. Tawa ba ta cika ba. Mai gyaran da na saba kai wa ya ce ko in canza kwamfuta, ko ya cusa mata sabon da dabara, amma kada in dawo masa da ƙorafi.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk abin da ke cikin kwamfutar nan, daga Windows ɗin har manhajar rubutu, ban biya ko pesewa a kansu ba. Haka aka ba ni ita, haka kusan kowa ke karɓar tasa a kasuwa, an fasa makullin an zuba komai. Ni kuma da rana ina gaban yara ina karantar da su haƙƙin mutane da amana. Ba fatawa nake bayarwa ba, amma zuciyata ba ta taɓa kwanciya da abin ba.

Ɗan yayata ne ya kawo maganar Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows. Karatun kwamfuta yake a jami'ar Legon, ya zo hutun ƙarshen mako ya tarar ina faɗa da ita.

“Kawu, wannan ai ba ta mutu ba. Kaya ne suka yi mata yawa.”

“To, abin naka nawa ake sayarwa?”

“Ko sisi. Kuma ba sata ba ne, masu shi ne suka ce kowa ya ɗauka.”

Na ce masa araha dai ba ta ado. Ya yi dariya, ya zaro filash daga aljihu, ya soka, ya sake kunna kwamfutar yana ta danna wani maɓalli a saman allon rubutu. Abin da ya fara sanyaya mini rai shi ne Linux Mint ya tashi kai tsaye daga cikin filash ɗin ba tare da ya taɓa komai nawa ba. Ana iya gwada shi haka tsawon yini, a zare filash, kwamfuta ta koma yadda take. Na ga madannin farawa a ƙasa ta hagu, agogo a dama, folda iri ɗaya da wadda na sani. Uwargida ta leƙo ta ce, “Malam, ai shi ne dai na da, launi kawai aka canza.” Gani ya kori ji. Muka kwashe fayilolina zuwa wani rumbun ajiya na waje, ya goge komai ya girka Mint 22. Iri uku ne da shi, Cinnamon da MATE da Xfce, ya zaɓar mini Xfce don shi ne mafi sauƙin nauyi. Kafin a kira la'asar an gama.

Tambayar da na yi ta maimaitawa a ranar ita ce, wa ke ciyar da mutanen da suka yi wannan aiki? Abin da na fahimta daga bakinsa da ɗan karatun da na yi daga baya shi ne, kyautar ba ita ce asalin maganar ba. Asalin shi ne rubutun da aka gina manhajar da shi a buɗe yake, duk mai ilimin abin yana iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Richard Stallman ne ya fara wannan kira a Amurka a 1983 da shirinsa na GNU. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, wadda ita ce Linux ɗin. Daga nan kowa ya ɗebi ƙullu ya toya irin nasa. Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu a 2004, sai wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya ɗora Mint a kan Ubuntu a 2006. Manyan kamfanoni na biyan ma'aikata su yi aiki a kan Linux saboda su ma da shi suke gudanar da manyan kwamfutocinsu, Mint kuwa da gudummawar masu amfani da shi da masu ɗaukar nauyi yake tafiya. Abin da ya fi ba ni mamaki, ashe wayar Android da ke aljihuna ita ma a kan zuciyar Linux aka gina ta. Mun daɗe muna tare ban sani ba.

Sauri dai an samu. Ba ta zama sabuwa ba, idan yara suka buɗe shafi goma a Firefox tana nishi kamar trotro, motar hayarmu, a hawan tudu, amma tana tashi kafin in zauna da kyau, fankarta kuma ta rage kuka. Rubutu, lissafi, kallon wa'azi, duk lafiya. Na ƙara VLC daga rumbun manhajojinsa, wanda yake kamar na waya: ka nemo, ka danna, ka sa kalmar sirri, shi ke nan. Na daina bin shafukan da ban san kansu ba ina sauko da abin da zai zo da ƙwayar cuta.

Ga mai sayen data da MoMo, wato kuɗin waya, kaɗan-kaɗan irina, tsarin sabuntawarsa ya yi mini. Wata 'yar garkuwa ce ke fitowa kusa da agogo, ta nuna jerin abubuwan da ke jira da girman kowanne, ba abin da zai sauka sai na ce. Nakan bari sai na je inda ake da intanet na wata-wata. An kuma yi alkawarin kula da jerin Mint 22 har 2029, kuma ina zaton kwamfutar ce za ta riga gajiya.

Inda ya gama saye ni shi ne wajen rubutu, don aikina harshe uku ne. A jerin harsunan allon rubutunsa na tarar da Hausa har biyu, ta Najeriya da ta Ghana, ga kuma Ga da Ewe da Akan. Na yi shekaru ina kwafo ƙ da ɗ da ɓ ɗaya-ɗaya daga wani tsohon fayil, ko in bar su ba lanƙwasa. Yanzu suna ƙarƙashin yatsuna. (Na san abokaina na Kano za su ce mu 'yan Zango me ya haɗa mu da ƙ, tun da a bakinmu kafa da ƙafa duk ɗaya ne. A rubuce dai muna ƙoƙari.) Larabci kuma, sai da muka kunna wani zaɓi a cikin LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi da ta zo da Mint, kafin maɓallin rubutu daga dama zuwa hagu ya bayyana. Da ya bayyana, muka sa wani salon haruffa mai suna Amiri, shi ma buɗaɗɗe ne. Ranar da na buga jarrabawar tajwidi ta farko da shi na tsaya ina kallon takardar: fataha da kasra kowacce a mazauninta, shadda ba ta hau kan harafin da ke kusa ba, kamar shafin littafin da aka bugo daga Misira. Shugaban makarantarmu ya juya ta gaba da baya ya ce, “Malam, wace maɗaba'a ka kai?”

To, ba duka ne zuma ba.

Tun ranar farko Wi-Fi ya ƙi. Na'urar da ke cikin kwamfutata irin wadda masu ƙera ta ba su saki bayaninta a fili ba ce, sai da ɗan yayata ya haɗa wayarsa da kebul ya ba ta intanet, sannan ya sauko da abin da ke tuƙa na'urar. Minti biyar ya ɗauke shi. Ni kaɗai da na kwana uku, ƙarshe in ce abin banza ne. Firintata ta yi aiki ina soka ta, amma ɓangaren ɗaukar hoton takarda na jikinta har yau sai ya ga dama, da waya nake yi.

Sai maganar musayar takardu. LibreOffice, wanda ya ɓalle daga OpenOffice a 2010, yana buɗe fayilolin Word da Excel, yana kuma ajiyewa a tsarinsu. Lissafin susu bai ɓata ko layi ɗaya ba. Amma wata takardar gayyatar walimar sauka da aka turo mini, mai ado da akwatuna, ta buɗe a karkace, shafi ɗaya ya zama biyu. Dalilin shi ne salon haruffan da aka rubuta ta da shi, Calibri, ba ya cikin kwamfutata, aka maye shi da wani mai faɗi daban. Akwai wani buɗaɗɗe mai suna Carlito da aka yi daidai awonsa, da muka sa shi yawancin matsalar ta kau. Duk da haka na koyi darasi, duk abin da zan kai bugu sai na mayar da shi PDF tukuna. Masu maɗaba'a a Newtown da CorelDRAW da Photoshop suke aiki, waɗannan kuma ba su da na Linux. Akwai makamantansu, Inkscape da GIMP, amma wanda abincinsa ke wannan sana'a ba zan ce ya sauya ba. WhatsApp ma ta burauza nake buɗe shi.

'Yata ta tsakiya ce ta fi kowa ƙorafi. Tana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, jarrabawar BECE na gabanta, darasin kwamfuta kuma da fuskar Word ake koya musu shi. Kowa ya tuna malamin nan na yankin Ashanti da ya zana tagar Word gaba ɗaya a allo da alli a 2018, duniya ta ɗauka. Haka abin yake a nan, sunan maɓalli da mazauninsa ake tambaya. Ta ce, “Baba, abin da ke littafinmu ba shi ne a nan ba.” Gaskiyarta. Aikin ɗaya ne, wurin maɓallan ne ya bambanta, amma mai jarrabawa ba ruwansa da wannan. Yanzu takan je gidan gwaggonta ta yi bita a tasu.

Babban tashin hankalin ya zo ne a wata na uku, kuma laifina ne. Na san batirina matacce ne, na san halin dumsor, wato yawan ɗauke wutarmu, amma na tayar da sabuntawa mai girma da magariba na tafi masallaci. Aka ɗauke wuta. Da na dawo na kunna, baƙin allo kawai da fararen rubuce-rubuce, ga jarrabawa saura kwana biyu. Da safe na hau trotro zuwa Circle. Shago na farko, yaron ya kalli allon ya ce bari ya goge ya sa mini Windows. Na biyu ma haka. Na uku ya san Linux da suna, ya ce mai iyawa ya fita. Mutanen nan gwanaye ne, suna iya farfaɗo da wayar da ta faɗa kwata, sai dai abin da kasuwa ke kawo musu shi suka ƙware a kai. Na dawo gida da kayata a jaka.

Da daddare ɗan yayata ya kira ni ta bidiyo. “Kawu, filash ɗin nan da na bar maka yana nan?” Yana nan, cikin gwangwanin da uwargida ke ajiye allura da zare. Na tayar da kwamfutar daga cikinsa, ya sa na buɗe wani abu mai suna Timeshift, wanda ashe tun ranar girkawa ya saita shi yana ɗaukar hoton tsarin lokaci-lokaci. Na zaɓi na ranar Juma'ar da ta wuce, na danna, rubutu ya yi ta gudu, ta sake tashi kamar ba abin da ya faru. Ya ja mini kunne cewa Timeshift tsarin kawai yake adanawa, ba takarduna ba, waɗannan ni zan riƙa kwafewa da kaina. Ina yi duk Juma'a yanzu.

Wannan dare ne ya sa in an tambaye ni ba na saurin cewa a sauya. Ga mai rubutu da lissafi da intanet a tsohuwar kwamfuta, Mint ya isa har ya yi saura, ni kam ba zan koma ba, kuma nauyin nan da ke zuciyata ya sauka. Amma tambayar farko da nake yi wa mutum ita ce, wa kake da shi da za ka kira ƙarfe tara na dare? Amsoshi na nan jibge a intanet, sai dai kusan duk da Turanci, da yawansu kuma cewa suke ka buɗe baƙar taga ka rubuta umarni. Ni na iya guda uku yanzu, na rubuta su a bangon littafin rajista.

Liman na unguwarmu ya aiko da tasa makon jiya, wai in sa masa irin nawa saboda Larabcin. Ta fi tawa tsufa, RAM ɗinta giga 2, daidai mafi ƙarancin abin da Mint ke nema. Na gwada ta daga filash, Wi-Fi ya kama, sauti ya fito, amma ban goge komai ba. Tana kan kabad a nannaɗe cikin ɗankwali, sai ɗan yayata ya gama jarrabawarsa ya zo mu yi tare, wannan karon ni zan riƙe linzami shi ya zauna yana kallo.