Gargaɗi Kan 'Yan Damfara Masu Sayar da Kayan Kiɗan Tsirkiya Irin na Turai ta Dā

Ina jan hankalin malaman kiɗa da ɗalibansu, da masu shirya fina-finan tarihi, da duk mai sha'awar mallakar kayan kiɗan tsirkiya irin waɗanda aka kaɗa a Turai tsakanin ƙarni na 12 zuwa na 15, cewa akwai mutanen da ke buɗe shafuka a Facebook da Instagram da kasuwannin intanet suna kiran kansu masassaƙa, alhali ba su taɓa riƙe gizago ba. Hotunan da suke bazawa na rebek, wato ɗan ƙaramin goge mai tsirkiya uku, da gitan da sitol, wato kayan tsirkiya da ake kaɗawa da tsinke kamar garaya, sato su suke yi daga shafukan masassaƙa na gaskiya a Sifaniya da Faransa da Ingila, su goge sunan mai aikin su liƙa nasu.

Salonsu kusan iri ɗaya ne. Sukan sa farashin da bai kai kuɗin katako da tsirkiya ba, su ce guda ɗaya ya rage kuma wani na jira, sannan su nemi kafin alƙalami ta hanyar da kuɗi ba ya dawowa, kamar Western Union ko kuɗin kirifto ko sashen aika wa 'yan uwa da abokai na PayPal, wanda ba ya kare mai saye. Da zarar kuɗin ya shiga sai a ce kaya ya maƙale a hannun kwastan, a ƙara wani abu, daga nan kuma shafin ya ɓace. Wasu kan aiko da kaya, amma sai a tarar da falankin da aka manna aka shafe da fenti, wanda ba ya riƙe sauti, ba shi da amfani sai a rataye a bango.

Abin da ya fi saurin tona asirinsu shi ne sanin yadda ake aikin. Yawancin waɗannan kayan, musamman rebek da gitan da sitol, daga gungume ɗaya ake fafe cikinsu har da wuyansu, kamar yadda masassaƙinmu ke fitar da akushi, sannan a rufe fuskar da siririn katako mai ɗaukar sauti, a ɗaura tsirkiya ta hanjin tumaki. Katakon kansa sai ya shekara da shekaru yana bushewa, domin ɗanye tsagewa yake yi. Aiki ne na makonni ga mutum ɗaya, shi ya sa masassaƙi na kirki yakan sa mai saye cikin layin jira na watanni. Wanda ya ce yana da iri goma a ajiye, kowane launi, kuma gobe zai aika, maganarsa ta saɓa wa yadda sana'ar take.

Mafi muni a ganina su ne masu da'awar cewa abin hannunsu na asali ne, wai ya shekara 700. Kayan da suka tsira daga wancan zamani ba su taka kara sun karya ba, kuma waɗanda aka sani suna gidajen tarihi. Akwai sitol da aka sassaƙa a Ingila wajen shekarar 1300, yana Gidan Tarihin Birtaniya a Landan, shi ma a ƙarni na 16 an sauya masa fasali ya koma irin gogen Turawa. Akwai gitan ɗin da Hans Oth ya yi wajen 1450, yana fadar Wartburg a Jamus. Saboda wannan ƙaranci ne masassaƙa ke dogara da zane-zane, irin na kundin waƙoƙin Cantigas de Santa Maria da aka tattara a fadar Sarki Alfonso na 10 na Kastil a Sifaniya, da siffofin dutse na ƙofar majami'ar Santiago de Compostela a Sifaniya masu ɗauke da shekarar 1188. Masassaƙin gaskiya zai faɗi zanen da ya kwaikwaya da abin da ya cike da nasa hasashe, har ya yi ta bayani da jin daɗi. Ɗan damfara kuwa kewaye-kewaye zai yi. Idan kuma ya yi alfahari da adon hauren giwa, a guje shi, domin yarjejeniyar CITES, wadda ke kare namun daji da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe, kuma mai saye ne zai yi asarar kayan idan aka kama.

Kafin a biya ko sisi, a saka hoton a manhajar binciken hoto ta Google Lens a ga ainihin inda ya fito. A nemi ganawa ta bidiyo kai tsaye, mai sayarwa ya nuna wurin aikinsa, ya kaɗa kayan, ya juya bayansa a ga zanen katakon ya zarce daga ciki zuwa wuya. A biya ta kati ko ta sashen saye da sayarwa na PayPal, inda ake da kwana 180 na shigar da ƙorafi idan kaya bai iso ba. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya adana saƙonni da shaidar biya, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙarar shafin, sannan ya sanar da masassaƙin da aka saci hotunansa, domin sunansa da guminsa ake ɓatawa, kuma ƙarar da masassaƙin ya shigar kan satar hotunansa takan fi saurin sa a rufe shafin.