Downtown ko Marina: amsa ga mai neman gida a Dubai

Alhaji, ka ce kana zuwa sarin kaya Deira, tsohuwar unguwar kasuwanci ta Dubai, sau huɗu a shekara, kuɗin otal ya ishe ka, kana son sayen gida a bene, ko a Downtown ko a Marina. Ga abin da na sani.

Dukansu suna cikin unguwannin da aka yarda baƙo ya mallaki gida da sunansa, abin da Dubai ta fara a 2002. Ko ina ka saya, Hukumar Filaye za ta karɓi kashi 4 cikin ɗari na kuɗin, dillali kuma yakan ɗauki la'adar kashi 2. Gidan da ya kai dirhami miliyan 2 yana ba ka damar neman takardar zama ta shekara 10.

Downtown ta fi tsada, don nan Burj Khalifa da Dubai Mall suke. Amma ta fi kusa da filin jirgi, ta fi kusa da kasuwarka: ka hau jan layin metro, jirgin ƙasa na cikin gari, zuwa tashar Union, ka canza zuwa koren layi, ka sauka tashar Baniyas a Deira. Sai dai daga tashar Downtown zuwa cikin unguwar akwai doguwar gada da ake takawa, da kaya a hannu sai ka ji a jikinka. Daren sabuwar shekara kuwa ana rufe tituna.

Marina ta fi sauƙin kuɗi, ga ruwa, ga bakin teku, 'yan haya ba sa yankewa. Amma tana can ƙarshen gari, zuwa Deira ka ware kusan awa guda.

Abin da na fi so ka kula da shi, Alhaji, shi ne kuɗin hidima. A gida mun saba in ka sayi gida shi ke nan, ya zama naka. A bene kuwa duk shekara sai ka biya kuɗin lif, gadi, shara da wurin iyo, gwargwadon faɗin gidanka, ko kana ciki ko kana Kano. Wasu benayen kuɗin sanyaya ɗaki ma daban ne. A Downtown wannan kuɗi ya fi nauyi. Kafin ka ba da kafin alƙalami, a nuna maka takardar biyan shekara uku da suka wuce.

Ka kuma tambayi abin da aka lulluɓe jikin benen da shi, saboda gobara. Otal ɗin Address a Downtown ya kama da wuta daren ƙarshe na 2015, benen Torch na Marina ya kama a 2015, ya sake a 2017.

In da iyali za ka riƙa zuwa, Hajiya ta sani tun yanzu: babu tsakar gida, ragon layya ma sai an kai mayanka.

Ni da ni ne kai, tunda Deira ce wurin nemanka, ƙaramin gida zan saya a Downtown, a hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da tasha.