Lesin Turanci na yamma a Gwallameji, ga yadda na gan shi

Masu neman inda za su kai ƙannensu lesin Turanci kafin JAMB, akwai wani malami da ke koyarwa bayan la'asar a unguwar Gwallameji da ke Bauchi, can wajen Poli (Federal Polytechnic). Ƙanwata na zuwa, ni ma na shiga ajin don in gani da idona, kuma gaskiya mutumin ya san aikinsa.

Ba ya tara wa yara jerin kalmomi ya ce su haddace kamar yadda aka yi mana. Da sinonim ya fara, wato kalmomi masu ma'ana kusa da juna, ya ce da wuya ka samu biyu da suka zo daidai ta kowace fuska shi ya sa ma JAMB ke cewa a zaɓi wadda ta fi kusa. Ya kawo slim da skinny, duka siririya suke nufi amma ta farko yabo ce, ta biyun kuwa ka faɗa wa budurwa sai an yi biko, wannan ɓoyayyen saƙon da kalma ke ɗauke da shi shi ne konoteshan. Aji ya kwashe da dariya, kuma na tabbata ba mai mantawa.

Inda ya fi burge ni shi ne kolokeshan, kalmomin da suka saba tafiya tare. Heavy rain ake cewa ba strong rain ba, make a mistake ba do a mistake ba, wallahi har masu digiri na faɗawa ramin nan. Sai rejista, Turancin kowace sana'a, plaintiff da bail na kotu ne, diagnosis na asibiti, kuma WAEC na son tambayar nan sosai.

Antonim (kalmomi masu kishiyar ma'ana) da homofon (masu sauti ɗaya amma ma'ana daban) kam gudu ya yi a kansu, ya rubuta sun (rana) da son (ɗa) a allo ya wuce, alhali tambaya 60 cikin 180 na JAMB duk Turanci ne, bai kamata a yi wa wani ɓangare riƙon sakainar kashi ba. Ga cunkoso, ga zafi, in aka ɗauke wuta janareton maƙwabta ba ya barin na baya su ji komai. Kuɗin dai da sauƙi, wata-wata ake biya. Wanda zai je ya je da wuri ya kama bencin gaba, ya kuma riƙe ƙamus ɗinsa don malam ba ya ba da aro.