Kayan wasan labari ga madugun da idonsa ya raunana: me za a saya, me za a bari?

Wasan labari na zaman tebur ya fara samun masoya cikin samarinmu na Jidda da Makka. Mutum huɗu ko biyar ne suke zama, kowa ya ɗauki jarumi guda, madugun wasa kuma ya tsara duniyar, ya faɗi abin da ke gabansu, ya yanke hukunci. Da yawa ba sa bin duniyar littafi, tasu suke ƙirƙira: ayarin fatake daga Kano zuwa Sawakin, Dodo a bakin rijiya, Gizo yana damfarar sarki. Idan kai ne madugun, kuma ciwon suga ko yanar ido ko gilakoma ya rage maka gani, kada ka fara da kasuwa. Fara da zaɓen dokokin wasa, domin su ne za su nuna maka abin da kake buƙatar saye.

Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, shi kowa ya fi sani, kuma shi ya fi wahalar da ido. Manyan littattafansa uku ne, kowanne ya haura shafi 300, ga jadawali birjik, ga ƙwayoyin jifa irin na ludo masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. Madugu ne ke jefa wa kowane dodo ƙwaya, shi ke lissafin ƙarfin da ya rage masa. Sauƙinsa ɗaya: a 2023 kamfanin ya saki ginshiƙin dokokin ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa damar amfani da su kyauta, ana samunsu rubuce a intanet, manhajar karanta allo tana iya bi. Wasan Fate Core na 2013 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙwayoyi huɗu ne, fuskokinsu alamar tarawa, alamar ɗebewa, ko fili, kuma jarumi jimloli ne ake bayyana shi da su, irin su "ɗan madugu da ya san kowace rijiya". Wannan kunne yana riƙewa.

Ni dai Dungeon World da danginsa nake ba wa madugu mai raunin gani shawara. 'Yan wasa ne ke jefa ƙwaya biyu masu fuska 6. Goma zuwa sama nasara ce, 7 zuwa 9 nasara mai tsada, 6 zuwa ƙasa kuma madugu ya jefo matsala. Kai ba ka taɓa ƙwaya ba, ba ka duba jadawali ba, aikinka saurare da magana. Duk wanda ya taso yana jin "ga ta nan ga ta nanku" a ɗakin kaka ya riga ya san rabin aikin.

Akwai gidajen da ƙwayar ludo ba ta shiga, saboda hadisin da Muslim ya ruwaito kan nardi, wani tsohon wasan ƙwaya. Kada ka raina wannan, kada kuma ka sa abokinka ya zauna zuciyarsa ba daɗi. Wasa ba ƙwaya ba sabon abu ba ne, Amber Diceless ya yi haka tun 1991. A naka tsarin, ba wa kowa ƙwallon dabino biyar a ƙaramin kofi. Wanda yake son abu mai wuya ya yiwu, ya biya ɗaya ko biyu a tafin hannunka. Kana ji da yatsa, ba sai an karanta maka komai ba, kuma 'yan wasa sukan fi yin tunani idan kofin ya kusa ƙarewa.

Idan za ka yi da ƙwaya, zaɓi uku ne. Masu sauran gani su nemi manya, baƙaƙe masu farin lamba ko farare masu baƙar lamba, a guji masu ƙyalli da masu launi gauraye duk kyawunsu a hoto. Akwai masu rubutun Braille, wato rubutun makafi da ake shafawa da yatsa, ƙungiyar DOTS RPG Project ta Amurka ta yi suna a kansu, sai dai ka tambayi kanka ko kana karanta Braille ɗin. Mafi yawan waɗanda ido ya tafi musu da girma ba su koya ba, kuma kafin kayan su iso ga kuɗin jirgi, ga harajin Saudiyya na kashi 15. Na uku wayarka ce: VoiceOver a iPhone ko TalkBack a Android za su karanta sakamakon manhajar jifa, amma gwada ta kyauta tukuna, wasu hoto kawai suke nunawa, mai karatu ya yi shiru. Ko wanne ka ɗauka, sami faranti mai baki ka shimfiɗa ƙyalle a ciki, ƙwaya ba za ta gangara ƙarƙashin kujera ba.

Taswira ce inda aka fi asarar kuɗi. Tabarmar roba mai layuka da ake zana wa da alƙalami, da 'yan gumakan fenti masu tsada, duk don ido aka yi su. Je wurin mai shago ka karɓi kiret ɗin ƙwai na kwali. Ramuka 30 ne, biyar sau shida, kamar gurbin dara. Murfin kwalba jarumi ne, ƙwallon dabino maƙiyi, tsakuwa bango. Kana shafawa ba abin da zai zame, kuma idan ɗan wasa ya ce "Malam, zan zagaya ta bayan Dodo," sai ka kama hannunsa ku ƙirga ramukan tare. Allon dara na Turawa mai maganaɗisu shi ma yana yi, kuma ya fi jure tafiya.

Wajen littafi, kafin ka biya kuɗin PDF, sauke samfurinsa ka buɗe da NVDA, manhajar karanta allo wadda kyauta ce a kwamfuta. Idan shafin hoto ne aka ɗauka, ba za ta karanta ko kalma ɗaya ba. Idan an raba rubutun shafin gida biyu, hagu da dama, kuma tana haɗa su, nemi dokokin a shafin intanet ko fayil ɗin rubutu zalla. Bayanan duniyarka kuwa, muryar Turanci ko Larabci da ke wayar takan dagula sunayen Hausa, don haka naɗe su da bakinka, gajeru gajeru, kowane gari da fayil ɗinsa. Sa abin ji a kunne ɗaya lokacin wasa, ɗaya kunnen na 'yan wasa ne.

In kuɗinka abu ɗaya zai saya kuma kana da sauran gani, sayi fitilar tebur mai lanƙwasa wuya da alƙalami baƙi mai kauri, ka rubuta sunayen jarumai manya a farin kwali. In ganin ya tafi gaba ɗaya, sayi abin ji mai kyau, sannan ka naɗa ɗaya daga 'yan wasa magatakarda, ya riƙa faɗin lamba da ƙarfi, kowa kuma ya ambaci sunan jaruminsa kafin ya yi magana.