Ƙululun saiwar alda da na Agrobacterium ba ɗaya ba ne

Ɗan'uwa ka tambaya wai tunda bishiyar alda tana da ƙululu a saiwarta, ko Agrobacterium ne ya kama ta, wato bakteriyar nan mai jawo wa tsirrai ciwon ƙululu? A'a wallahi, abu biyu ne mabambanta, kamannin ne kawai yake ruɗa mutane.

Ita alda, wato Alnus glutinosa, bishiya ce ta Turai da yammacin Asiya har wani yanki na arewacin Afirka, tana son bakin rafi da ƙasa mai dausayi, tsayinta yakan kai mita 20 zuwa 30. In ka sare ta, farin katakon nan da nan sai ya rikiɗe ya koma launin ruwan lemo, kuma a cikin ruwa ba ya saurin ruɓewa. To ƙululun saiwarta gidan wata bakteriya ce mai suna Frankia alni, tana zuƙo naitirojin daga iska ta ba bishiyar, ita kuma bishiyar ta ciyar da ita da sikari, kamar dai abin da ke faruwa a saiwar wake. In ka tono zaka gansu cunkus, ƙanana masu rassa a manne da juna, wannan alamar lafiya ce, don Allah kar ka yanke su.

Shi kuwa Agrobacterium tumefaciens ido ma ba ya ganinsa, a ƙasa yake zaune yana jiran rauni, ko saran fartanya ko wurin da aka yi auren dashe. Da ya samu ƙofa sai ya cusa wani yanki na DNA ɗinsa, wato ƙwayoyin gadonsa, cikin ƙwayoyin halittar tsiron, su yi ta hayayyafa ba birki suna haɗa masa abincin da shi yake ci, tsiron bai samu komai ba. Wasu masana kimiyya biyu, Smith da Townsend, ne suka gano shi ke jawo ciwon ƙululun a 1907, kuma abin da har yanzu yake ban mamaki, wannan dabarar tasa ce masana suka ara suke saka wa tsirrai sabbin ƙwayoyin gado tun 1983.

Nasa ƙululun yawanci a gindi yake fitowa daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, da fari taushi gare shi, daga baya yayi tauri yayi baƙi-baƙi da kaushi, ya takure hanyar ruwa. Inabi, tuffa da furen wardi suna shan wahalarsa sosai. In irin wannan ka gani a ƙaramin dashe, tuge shi gaba ɗaya, ka wanke wuƙarka da bilic kafin ka taɓa na kusa.