Gargaɗi: masu tallan “garaɓasar jirgin ruwan shaƙatawa” a Kaduna

Jama'ar Kaduna, a yi hattara da wani talla da ke yawo a WhatsApp da Instagram, musamman a guruf-guruf na mata 'yan kasuwa da na ma'aikata. Hoton katafaren jirgin ruwa ne fari fat mai hawa sama da goma, ga wurin ninƙaya a samansa. A ƙasa an rubuta kwana bakwai a teku, da biza da tikitin jirgin sama da abinci, duka a kan kuɗin da ko tikitin Abuja zuwa Dubai da dawowa ba zai saya ba. Sai a ƙara da cewa saura gurbi kaɗan, ragin zai ƙare ranar Juma'a, a tura kafin alƙalami yau. Wani tallan an yi shi don ango da amarya. Wani an haɗa shi da Umra, wai a yi ibada sannan a hau jirgi daga Jidda.

'Yar ƙanwata da mijinta suna cikin waɗanda abin ya ci. Matar da ta yi musu dillanci ta karɓe su a wani ofis mai kyau a cikin gari, ta ba su rasit mai tambari, tana ta “Hajiya ki kwantar da hankalinki, ai mun saba kai mutane.” Kuɗin kuwa asusun wani mutum aka ce su tura, wai na kamfani yana da matsala. Da ranar tafiya ta matso aka ce biza ce ta makale, sai an ƙara wani abu. Suka ƙara. Daga nan waya ta daina shiga, ofishin kuma ashe hayar ɗan lokaci ce. Kuɗin da suka tara ne tun kafin biki, har da na adashi.

Abin da ya sa wannan damfara take kama mutane masu hankali shi ne an gina ta a kan gaskiya. Da gaske ne farashin ɗaki a jirgin shaƙatawa yana hawa yana sauka, kuma wanda ya san lokaci yana samun ragi mai kauri. Sai dai ragin yana da sababi da lokacinsa, kuma wanda ya san su ba za a ruɗe shi da “ranar Juma'a” ba.

Manyan kamfanonin, irin su MSC da Costa da Royal Caribbean, sun fi sakin tayin ragi daga Janairu zuwa Maris, sai kuma ƙarshen Nuwamba. Suna buɗe sayar da ɗakuna tun fiye da shekara guda kafin tafiya, kuma wanda ya kama da wuri ya fi samun zaɓin ɗaki. A Bahar Rum, inda jirage ke tashi daga Basalona ko Jenowa ko tashar da ke kusa da birnin Rum, watannin Yuli da Agusta ne mafi tsada saboda hutun makarantun Turai, ga zafi ga cunkoso. Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi sauƙi. A yankin Gulf, al'adar jiragen ita ce su yi aiki a Dubai da Abu Dhabi da Doha daga wajen Nuwamba zuwa Maris, in zafi ya shigo su koma Turai. Saboda haka duk wanda ya nuna miki hoton babban jirgi ya ce za ki zaga Dubai a cikinsa a watan Yuli, ki tambaye shi sunan jirgin, ki duba inda jirgin yake a wannan watan. A Afirka ta Kudu ma haka, jirgin MSC na tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik ne a lokacin zafinsu, wato daga ƙarshen shekara zuwa wajen Afrilu. A Karibiyan farashi na faɗuwa a tsakiyar lokacin guguwa, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba.

Akwai kuma ragin ƙurarren lokaci, idan saura makonni jirgi ya tashi bai cika ba. Wannan shi 'yan damfarar suka fi fakewa da shi, kuma shi ne bai dace da mu ba ko kaɗan. Baturen da ke zaune a Italiya zai iya sayen ɗaki yau ya hau jirgi jibi. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza, ya jira ranar ganawa, ya sayi tikitin jirgin sama wanda shi kuma tsada yake ƙarawa in lokaci ya ƙure. Manyan kamfanonin nan ba sa ɗaukar fasinja daga Legas, dole ka tashi ta sama ka iske jirgin a tasharsa. Abin da ka rage a ɗaki ka biya ninkinsa a tikiti, in ma bizar ta fito kenan.

Maganar biza ita ce ta fi ba ni takaici, don a nan ake yi wa mutane ƙarya ido da ido. Babu ejan ɗin da ke da ikon ba da tabbacin bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai. Ofishin jakadanci ne ke yanke hukunci, kuɗin neman ta Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, kuma ba a mayarwa in an hana. Idan jirgin zai tsaya a Tunisiya ko Turkiyya sannan ya dawo Italiya, ka fita daga Shengen kenan, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, kuma ma'aikatan jirgi suna iya hana ka hawa tun a tasha. Bizar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, an dakatar wa 'yan Najeriya ita a 2022, sai a Yulin 2024 aka sanar da dawo da ita. Masu haɗa tallan da Umra kuwa suna amfani da wani abu na gaske: Saudiyya ta ƙaddamar da jirginta mai suna AROYA daga Jidda a Disambar 2024. Amma jirgin da ya tsaya a Masar ya fitar da kai daga Saudiyya, dawowarka sabuwar shiga ce, kuma ya wajaba ka san ko bizar da ke hannunka ta yarda da haka. Yin wasa da niyyar ibadar bayin Allah don a cinye musu kuɗi ba ƙaramin zalunci ba ne.

Sannan ko tallan gaskiya ne, a karanta shi da kyau. Farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, kuma galibi na ɗakin ciki ne wanda ba shi da ko taga. Mai baranda da ake nunawa a hoto kuɗinsa daban. Wanda zai kwana shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyu. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake lissafawa kowace rana a kan kowane fasinja, akwai intanet, da lemon kwalba, da yawon da ake kai mutane in jirgi ya tsaya a gari. Ejan na ƙwarai da kansa zai zayyana maka waɗannan kafin ka tambaya. Wanda ya ce “komai da komai yana ciki” ya kuma ƙi rubutawa, a bar masa kayansa.

Hanyar gane gaskiya ba ta da wuya. Duk ɗakin da aka kama da gaske yana da lambar rajista daga kamfanin jirgin. Da wannan lamba da sunanka za ka shiga shafin kamfanin ko manhajarsa, da wayarka, ba ta mahaɗin da ejan ya turo ba, ka ga sunan jirgi da ranar tashi da irin ɗakin. Takardar da aka buga aka miƙo maka ba hujja ba ce, ko yaron shagon kwamfuta zai haɗa irinta. Kuma kamfanonin kafin alƙalami suke karɓa da farko, cikon sai lokacin tashi ya matso, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Don haka in tafiyar sai baɗi amma ana matsa maka ka biya duka yau, akwai lauje cikin naɗi. A duba sunan kamfanin ejan a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a tambayi shaidar zamansa ɗan ƙungiyar NANTA ta kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Najeriya, a kuma tabbatar daga ƙungiyar, kuɗi kuma ya shiga asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin. Fasfo kada a bar shi a hannun wanda ba a tantance ba, domin wasunsu da shi suke riƙe mutum in ya nemi kuɗinsa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru, shirun ne yake ba su damar komawa Barnawa ko Malali su buɗe sabon ofis da sabon suna. Ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, tun kuɗin ba su bar asusun da aka tura ba. Ya adana hirar WhatsApp da saƙonnin murya da rasit da lambar asusun, kada ya goge komai don fushi. Ya kai takardar koke ofishin EFCC na shiyyar Kaduna ko wurin 'yan sanda, kuma in ya san wasu da abin ya shafa su tafi tare. Idan aka kira shi daga baya aka ce za a taimaka a dawo masa da kuɗinsa amma sai ya biya na aiki, kada ya tura ko sisi, sau da yawa mutanen farko ne suka sake layi.